Me takardar ECG ke nunawa game da wanda CRT za ta karɓa?

Ɗalibar_Zuciya:
Assalamu alaikum malamaina. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ake sa wa CRT, na'urar da ke daidaita matsewar ɗakunan zuciya na ƙasa, ba sa samun sauƙin da ake fata. A ce ga mai gazawar zuciya, EF ɗinsa (kason jinin da ɗakin hagu ke turawa a kowace matsewa) 35% ko ƙasa, yana shan magungunansa yadda ya kamata. Me ya dace a duba a ECG, wato zanen lantarkin zuciya, kafin aiki da bayansa? Faɗin QRS, sashen zanen da ke nuna ratsawar lantarki a ɗakunan ƙasa, shi kaɗai ya wadatar?

Likitan_Bugu:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Faɗi shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da siffa. Wanda ya fi cin moriya shi ne mai LBBB, wato toshewar hanyar lantarki ta hagu, da QRS na milisakan 150 ko sama. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta 2021 ta sa wannan a matakin farko. Tsakanin 130 da 149 hujjar ta ragu. Ƙasa da 130 kuwa kada a sa, domin binciken EchoCRT na 2013 ya nuna ƙaruwar mace-mace a wannan rukunin.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne kiran kowane QRS mai faɗi LBBB. Zuciyar da ta yi kauri ko ta buɗe takan ba da faɗi alhali hanyar hagu lafiyarta ƙalau. Ki bi sharuɗɗan Strauss na 2011: milisakan 140 ga namiji, 130 ga mace, siffar QS ko rS (zanen da ya fi nutsewa ƙasa) a layukan ECG na V1 da V2, sannan a ga ɗan tsagi a tsakiyar QRS a aƙalla biyu daga V1, V2, V5, V6, I da aVL. Tsagin nan ne shaidar cewa lantarki ya ratsa bangon tsakiya a hankali, ya isa gefen hagu a makare. Wannan jinkirin na'urar take gyarawa, in babu shi ba ta da aikin yi. Kuma ki auna da hannu, kada ki dogara da lambar da injin ya buga. Idan takardar na gudun milimita 25 a sakan, kowane ƙaramin gida milisakan 40 ne.

Malama_Eko:
Bayan an sa, a ɗauki ECG mai layuka 12 tun ranar farko, a ajiye don kwatance. Idan wayar na'urar ta gefen hagu tana kama tsoka, yawanci za a ga R babba (zanen da ya ɗaga sama) a V1, da Q ko QS a I. In siffar ta koma irin ta bugun dama kaɗai, a zargi waya ta goce ko ƙarfin bugun bai kai ba. Raguwar faɗin QRS alama ce mai kyau, amma ban yarda a yanke hukunci da ita ba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, bayan wata 6: girman ɗakin hagu a ƙarshen matsewa ya ragu da 15% ko fiye. Wayar da aka zaunar a kan tabon da toshewar jijiyar zuciya ta bari a baya, ko a can ƙarshen zuciya, ba ta cika ba da sakamako ba ko da ECG ɗin farko ya cika sharaɗi.

Likitan_Bugu:
Haka ne, Malama. A ƙara da mai AF, wato bugun ɗakunan sama marar tsari. Na'ura za ta iya rubuta cewa ta buga 95%, alhali da yawa bugun zuciyar da kanta ne ya riga ta, ita kuma ta ƙirga. Ana so a kusanci 98% na gaskiya. Holter, wato ECG da ake ɗaura wa mutum na awa 24, zai tona wannan, har da yawan PVC, bugun da ke tasowa daga ɗakunan ƙasa kafin lokaci. In magani ya kasa rage gudun, sai a ƙona mahaɗar AV, mai kai lantarki daga ɗakunan sama zuwa na ƙasa, domin na'urar ta riƙe bugun gaba ɗaya.