Majistir ɗin fim: Alkahira ko Indiya?

Auwal: Salamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. Shekara huɗu ina ɗaukar hoton biki a istirahohin Jidda, wato wuraren da ake haya don biki, daga bayan isha'i har kiran asalatu ina tsaye da kyamara a wuya, na tara ɗan abin da na tara don in je in yi majistir a fim da ɗaukar hoto, jiya sai wani babba a gidanmu ya ce wai asarar kuɗi ce, hoto ba karatu ba ne. Tun da aka buɗe gidajen sinima a 2018 aiki ke ƙaruwa a ƙasar nan, ga bikin fina-finai na Bahar Maliya da aka fara a Balad, tsohon garin Jidda, a 2021, amma ɗan Takari in ba shi da takarda sai dai ya riƙe wa wasu fitila. Ma'ahadin sinima na Alkahira ko na Pune a Indiya, wanne ya fi?

Hajiya Ummi: Auwalu ka janye kalmar nan ta Takari. A Makka aka haifi mahaifinka, a nan aka yanke maka cibi, wa ya koya maka kiran kanka haka?

Auwal: Anti ai ba da wata manufa na faɗa ba.

Malam Sani: Hajiya ba zagi ba ne. Daga Takrur take, tsohuwar daula a bakin kogin Senegal, Larabawa suka riƙa kiran duk alhazan yamma da ita. Sarkin Musulmi Bello ma ya sa ta a sunan littafinsa Infakul Maisuri.

Hajiya Ummi: Malam littafi daban, bakin titi daban. Ni aka jefa wa ita a layin asibiti ina riƙe da jariri, kuma na san da me aka faɗe ta.

Bashir ɗan Madani: Mu a Sudan Fallata ake ce mana, Bahaushe da Bafillace da Babarbare duk kwando ɗaya, kuma ba mu taɓa ɓoye ta ba. Ku na Hijaz ne ke jin kunyar asali.

Hajiya Ummi: Wa ke jin kunya? Bashir ka iya bakinka, ni sa'ar uwarka ce.

Bashir ɗan Madani: Allah ya huci zuciyarki Hajiya. Auwal ka tafi Masar kawai, ma'ahadin nan tun 1959 yake, a unguwar Haram ta Giza, da Larabci ake koyarwa kuma Larabcinka ya fi Turancinka. Tun yaƙin Sudan na 2023 danginmu da yawa suna unguwar Faisal a can Giza, ba za ka rasa masauki ba.

Nura Fagge: Masar me? Indiya ce uwar fim, ka tambayi duk wanda ya taso a Kano. Ko ma ya koma gida, ga makarantar fim a Jos.

Bashir ɗan Madani: Gida kuma? Yaron da bai taɓa taka Najeriya ba.

Nura Fagge: To fasfon ina ne a aljihunsa?

Maryam: Ba wanda ya tambayi iqamarsa, takardar zamansa a Saudiyya. Yaya Auwal in ka fita da huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa, ka san wa'adi gare ta, ka fara zama da kafil ɗinka, wanda ya tsaya maka a iqama, kafin ka biya ko riyal ɗaya. Sannan ka bincika ko majistir suke bayarwa ko difloma.

Nura Fagge: Ni dai Bashir ya amsa min maganar fasfo.

Malam Sani (admin): Ya isa haka, dare ya yi. Abin da aka tsayar: kalmar Takari tana da asali mai daraja kamar yadda na yi bayani, kuma ba wanda ya kawo hujjar da ta rushe wannan. Batun makaranta kuwa yawanci sun karkata ga Masar, kusa take kuma ƙasar Azhar ce. Allah ya zaɓa wa Auwal mafi alheri.

Hajiya Ummi: Malam ban yarda an tsayar ba, kuma har yanzu bai janye ba.