Buɗe-buɗen wasan eshek masu sunayen ƙasashe, da yadda ake furta su

Ɗan Adar (Tawa):

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwa. Muna da 'yar ƙungiya a nan Tawa ta masu wasan eshek, wanda wasu ke kira darar Turawa, kuma akasarinmu daga littattafan Faransanci muka koya. Idan an ce buɗin Sifaniya ko tsaron Faransa ko tsaron Holan, wato jerin takun farko da ake fara wasa da su, shin mutanen waɗannan ƙasashe ne suka ƙirƙiro su, ko kuwa suna ne kawai ya bi su? Sannan yaya ya kamata a furta sunayen 'yan wasan da aka laƙaba wa wasu buɗe-buɗe, irin su Pirc da Najdorf da Alekhine? Ina tambaya ne domin a wurinmu kowa da nasa furucin, har ta kai yaran da muke koya wa suna zaton buɗe-buɗe daban-daban ake nufi.

Malamin tarihi (Yamai):

Wa alaikumus salam, ƙanena. Galibi sunan ƙasa yana nuna wurin da buɗin ya yi fice ne, ba wurin da aka ƙago shi ba. Tsaron Faransa, wato fari ya tura soja zuwa gidan e4 na allo, baƙi ya amsa da nasa zuwa e6, ya samu sunansa daga karawar da 'yan wasan Faris suka fara da na Landan ta hanyar wasiƙa a 1834, inda mutanen Faris suka yi amfani da shi suka yi nasara. Labarin buɗin Sikotlan ya fi ban dariya, domin a karawar wasiƙa da aka fara tsakanin Landan da Edinbura a 1824, mutanen Landan ne suka fara tura sojan d4 a taku na uku, sai na Edinbura suka ga amfaninsa, suka juya shi a kansu, suka ci gasar, suna kuma ya zama nasu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tsaron Holan, d4 f5, Elias Stein ne ya yaba shi a cikin littafinsa na 1789, kuma shi haifaffen Forbak ne, garin da ke cikin Faransa a yau. Zama ya yi a birnin Heg, littafin ma da Faransanci ya rubuta shi. Buɗin Ingila, c4, ya bi Howard Staunton ne, wanda ya buga shi a karawarsa da Saint-Amant a 1843. Sisiliya kuwa, wadda ita ma akwai tsaro mai sunanta, tsibiri ce ta Italiya, ba ƙasa mai zaman kanta ba.

Wanda nake ganin ya fi cancantar sunansa shi ne rukunin tsaron Indiya, saboda wani ɗan wasa na Kalkata, Moheschunder Bannerjee, ya riƙa barin tsakiyar allo ga abokin karawarsa John Cochrane a shekarun 1850, yana kai masa hari daga gefe, tun kafin Turawa su ɗauki dabarar da muhimmanci.

Hajiyar lissafi (Yamai):

Malam ya gama da tarihi, bari in taɓa batun furuci. Matsalarmu a Nijar ita ce muna karanta kowane suna da ƙa'idar Faransanci, alhali masu sunayen ba Faransawa ba ne. Vasja Pirc ɗan Silobeniya ne, kuma a harshensu harafin c kusan “ts” yake fita, saboda haka “Pirts” ne, ba “Pirk” ba. Miguel Najdorf a Polan aka haife shi, ya zauna a Ajantina bayan yaƙin duniya na biyu ya ritsa da shi a gasar Buwenos Aires ta 1939, kuma j ɗin sunansa y ce: “Naidorf”. Alekhine, wanda ya zama zakaran duniya a 1927, Faransawa suna ce masa “Alekin”, Rashawa da yawa suna cewa “Alyohin”, shi kuwa ya fi son “Alyehin”, da irin sautin maƙogwaron nan na harafin خ wanda duk wanda ya yi makarantar allo ya iya. A nan mun fi Bafaranshe sa'a. Giuoco Piano, reshen buɗin Italiya, “Juwoko Piyano” ake cewa.

Tsohon ɗan wasa (Tawa):

Hajiya, ban musa miki ba, amma ni a ganina gyaran furuci ba shi ne zai raba gardamar ba, domin sau da yawa sunan ne gaba ɗaya ya bambanta. Abin da muke kira buɗin Sifaniya, 'yan uwanmu na Sakkwato da Kano, waɗanda suka koya da Ingilishi, Ruy Lopez suke ce masa, da sunan limamin kirista ɗan Sifaniya wanda ya yi bayaninsa a 1561. Haka tsaron Rasha yake Petrov a bakinsu. Idan yaronmu ya zauna da nasu, ko ya furta sunan daidai ba lallai su fahimci juna ba.

Shawarata ga Ɗan Adar ita ce ya fara koya wa yara takun kansa kafin suna: e4 e5, doki zuwa f3, doki zuwa c6, fu (wanda masu Ingilishi ke kira bishop) zuwa b5, su buga shi da hannunsu har ya zauna. Bayan haka ya nuna musu lambobin ECO, wato na kundin buɗe-buɗen eshek da aka tsara a Belgired, waɗanda suka kasa dukkan buɗe-buɗe gida 500, daga A00 zuwa E99. Buɗin Sifaniya yana tsakanin C60 da C99, tsaron Faransa C00 zuwa C19, na Sisiliya B20 zuwa B99, kuma waɗannan lambobi iri ɗaya ne a littafin kowane harshe.

Malamin tarihi (Yamai):

Na yarda da batun lambobin, Alhaji, sai dai yaro ya fi riƙe abin da ke da labari a bayansa. A kuma ja kunnensu game da tsaron Benoni: ba shi da alaƙa da garin Benoni na Afirka ta Kudu, suna ne na Ibrananci da ya shigo wasan ta littafin Aaron Reinganum na 1825.