Shin GhanaWeb ya ƙwace wa rediyo kujera a Nima?

Abdul-Razak (Nima): Salamu alaikum. Jiya a wurin shan atayarmu na faɗi wata magana aka yi mini ca, shi ne na kawo ta nan manya su yanke. Na ce shafin labarai na GhanaWeb ya riga ya ƙwace wa rediyo kujera a Nima, unguwarmu da ke Accra. Shafin da aka buɗe tun 1999, lokacin da galibi 'yan Gana mazauna Turai da Amurka ne ke leƙa shi don jin labarin gida, yau mai gyaran waya a kasuwar Circle da yaron motar haya ta trotro shi suke buɗewa kafin su karya kumallo. Siyasa, ƙwallo, mawaƙa, duk wuri guda. Wa zai zauna jiran ƙarfe kaza kafin a karanta masa labari?

Alhaji Danjuma (Sabon Zango): Wa alaikumus salam. Ni nake jira, ɗana. BBC Hausa ta fara magana a 1957, shekarar da Gana ta samu 'yancin kai, kuma a gaban akwatin rediyon mahaifina na tashi. GBC, gidan rediyon gwamnatin Gana, ma tana labarai da Hausa tun kafin a haifi uwarka. Ka zaga Nima bayan asuba ka ƙirga shagunan tela da na aski da rediyo ke magana a ciki, sannan ka dawo mu yi zance.

Abdul-Razak: Baba Alhaji, Allah ya ja da rai, amma mai rediyon nan da kake ji da safe, daga ina yake ɗauko labarin? Waya ce a hannunsa. Yana karantawa daga shafi yana juya maka da Hausa.

Hajiya Rabi (Mamobi): Razak, ni ka bar ni da wannan juyawar, don ita ta taɓa ƙona ni. Ni ba na karanta Turanci, kuma yawancin abin da ke shafukan nan da Turanci yake. Labari yana iso mini ne a saƙon murya, wani yaro ya karanta ya faɗa da bakinsa, wani ya tura wa wani. Bara ina tsakiyar zuba wa mutane waakye, shinkafa da waken da nake sayarwa, jikana ya turo murya, wai wani shafi ya rubuta cewa malamin da ya karantar da 'ya'yana ya rasu. Ba zan kama sunan shafin ba. Na rufe tukunya, na bar wa yarinya ciniki, na ja mayafi na kama hanya ina salati. Na isa na tarar da bawan Allah zaune a kan buzunsa yana biya wa yara karatu. Ashe wani mai irin sunansa ne a wani gari. Mu wajen shida muka haɗu a ƙofar gidan, kowa ya rasa abin da zai ce ya kawo shi. Har yau in na tuna fuskar matarsa sai jikina ya yi sanyi.

Abdul-Razak: Ayya, Mma, sannu. Amma wannan laifin mai turawa ne.

Hajiya Rabi: To ai ta bakin mai turawar nake jin shafin naka.

Fati (Legon): Yaya Razak, na yarda shafin ya girma, ba mai musun haka. Inda muka rabu shi ne dalilin girman. Waɗannan shafuka, da shi da MyJoyOnline da Yen da Pulse, kyauta muke karanta su, kuɗinsu daga talla yake fitowa, talla kuma tana bin yawan masu dannawa. Saboda haka abin da ya fi jan yatsa shi ake sa wa babban kanu. Ka tuna faɗan Shatta Wale da Stonebwoy a bikin karrama mawaƙa na 2019? Kwana da kwanaki ba a maganar komai sai shi. Babbar kwatar Nima kuwa, da muke kwana muna tashi da ita, sai ruwa ya yi ɓarna ake tuna ta. Abin da ke ci mini rai ke nan: sunan unguwanninmu na zango ya fi fitowa idan an yi rikici.

Abdul-Razak: Ƙanwata, ba ki yi adalci ba. Ɗan ƙwallon nan Mohammed Kudus ɗan Nima ne. Tun daga tafiyarsa Ajax a 2020 har West Ham a 2023, a waya muka bi shi, ƙwallo bayan ƙwallo. Ranar da babban limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King a Istar 2019, yana cika shekara 100, hoton nan ne ya zaga duniya ya ɗaga darajarmu. Rediyo tana nuna hoto? Harbin da aka yi wa masu zanga-zanga a garin Ejura a 2021 ma, da ba a ga bidiyo ba, da wa zai yarda da mutanen garin?

Fati: Na ba ka Ejura. Sauran kuma mutane biyu ne da duniya ta riga ta san su.

Malam Iddi (Fadama): Ina da tambaya ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, a ina kuka ji abin da ya faru? Cikin azumi ne, ban manta ba. Yaran da ke kiran rediyota kayan tarihi su ne suka kewaye ta bayan tarawihi, ana kama Marhaba FM.

Abdul-Razak: Kwanaki kaɗan ne, Malam. Da layi ya dawo, kowa ya koma wayarsa.

Alhaji Danjuma: Ku kuka koma. Ni ban je ko'ina ba.

Abdul-Razak: Ina nan a kan bakana game da samari. Amma maganar Mma ta tsaya mini a wuya. Ni ma ina cikin masu karantawa su tura murya, kuma sau da yawa kanun kawai nake karantawa.

Hajiya Rabi: To daga yau in za ka turo mini, ka karanta har ƙasa, ka faɗa mini wane shafi ne da wace rana aka rubuta. In labarin mutuwa ne kuwa, kada ka turo sai ka kira gidan.