Shawarwari ga mai son nazarin adabin 1958

A wata tattaunawa ta masu sha'awar karatu, wata ɗaliba ta tambayi ta inda za ta fara nazarin adabin duniya na 1958.

Kusan kowa ya ce ta fara da Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda kamfanin Heinemann ya buga a Landan. Wani malami ya ce ta haɗa shi da Il Gattopardo na Lampedusa, da ya fito a Italiya bayan rasuwar marubucin, domin dukansu suna nuna yadda tsohon tsari yake rushewa a idon masu shi. Ni dai wannan shawarar ta fi kwanta mini.

An daɗe a kan Boris Pasternak, marubucin nan na Rasha. An ba shi kyautar Nobel a watan Oktoba, ya yi na'am, sai matsin hukumomin Tarayyar Sobiyet ya tilasta masa janyewa. Aka ja mata kunne kada rigimar siyasar ta ɗauke mata hankali daga littafinsa Doctor Zhivago ɗin kansa. Aka ce kuma ta kiyaye shekaru: a 1957 aka fara buga shi, a Italiya.

A fannin wasan kwaikwayo kuwa, an ce kada ta dogara da sharhin jaridun lokacin. Su ne suka caccaki The Birthday Party na Harold Pinter har aka janye shi a Landan bayan nuni takwas kacal. Wasu suka ce ta nemi kallonsa, domin shirun da ke tsakanin maganganun 'yan wasan ba ya fitowa sosai a takarda.