Yaya ake saka maganar marubuci a amsar adabi, kuma yaya ake nuna inda aka ɗauko ta?

Ɗalibar SS3

Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan amsa tambayoyin adabi ce, na jinga da na jarrabawar WAEC da NECO. Kullum ana cewa a kafa hujja daga littafi, to amma nawa ake ɗaukowa, layi ɗaya ko sakin layi guda? In an ɗauko a ina ake saka shi, kuma dole ne sai an rubuta lambar shafi? Ga shi ba a shiga ɗakin jarrabawa da littafi, to in mutum bai tuna kalmomin daidai ba fa? Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Alli

Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara riƙe wannan: maganar marubuci ba amsa ba ce, hujja ce. Amsa taki ce. Saboda haka a kowane sakin layi maganarki ce ke zuwa gaba, hujja ta biyo, sannan ki dawo ki faɗi abin da hujjar ta nuna. Kashi na ukun nan shi ɗalibai suka fi yar wa, alhali shi mai duba takarda ya fi nema, domin a nan ake gane ko kin fahimci littafin ko haddace shi kawai kika yi.

Bari in ƙirƙiri misali, ba daga wani littafi ba ne. A ce an tambaye ki halin mahaifin tauraron labari. Ga yadda da yawa ke rubutawa:

Mahaifinsa mutum ne mai zafin rai. "In ka sake taka ƙofar gidan nan, ba ni na haife ka ba. Tashi ka ba ni wuri, tun kafin in yi maka abin da ba ka zato." Haka kuma mutum ne mai son kuɗi.

Dubi abin da ya faru. An jefo zancen ba a ce wane ne ya faɗe shi ba, ba a ce ga wa ba, ba a ce a kan me ba, kuma an tsallake zuwa wani hali ba a taɓa zancen ba. Ga gyaransa:

Zafin ran mahaifin ya fi fitowa ranar da ɗansa ya ƙi auren da aka zaɓa masa, inda ya kore shi da cewa in ya sake taka ƙofar gidan, "ba ni na haife ka ba" (shafi na 42). Bai tsaya kan faɗa ko duka ba, sai da ya kai ga yanke dangantakar jini, wanda ke nuna bin umarninsa ya fi masa ɗan nasa muhimmanci.

Kalmomi shida kawai aka ɗauko, sauran duk bakinki ne. Wannan shi ne ma'aunin: ki ɗauko wurin da kalmomin marubuci suka fi naki nauyi, abin da ya rage ki faɗe shi da kanki. Labarin abin da ya faru, wane ya tafi ina, wane ya auri wa, ba ya bukatar alamar zance ko kaɗan. Hujja ɗaya ko biyu a sakin layi sun isa. In kika duba shafinki kika ga maganar marubuci ta fi taki yawa, to kwafe aka yi, ba sharhi ba.

Ki kuma kula da wakilin suna. In kika buɗe alamar zance, sai ki bar "ni" da "ka" yadda suke a littafi. In kika juya zuwa bakinki, kika ce ya ce ba shi ya haife shi ba, to alamar zance ta fita, domin kalmomin sun canza. Haɗa biyun, wato a canza kalmomi kuma a bar alamar, kuskure ne da ake yawan gani.

Malama Uwar Ɗalibai

Malam ya gama da zube. Zan ƙara a kan waƙa da wasan kwaikwayo, don ƙa'idarsu ta ɗan bambanta.

A rubutacciyar waƙa ba shafi ake bi ba, baiti da ɗango, wato layi ɗaya na baiti, ake bi. In ɗango ɗaya ne zuwa uku, ki saka su cikin jimlarki, ki raba su da karkataccen layi domin a san inda kowane ya ƙare. Misali, da baitin da na ƙaga yanzu: mawaƙin ya jera hoto biyu gefe da gefe, "Mai noma ya kwana ciki wayam / Mai gona rumbunsa ya cika" (baiti na 7), don ya nuna wanda ya yi wahala daban, wanda ya ci amfani daban. In ya wuce ɗango uku, ki sauko sabon layi, ki matsa ciki kaɗan daga gefen takarda, ki jera ɗangwayen yadda suke a littafi, ba tare da alamar zance ba. Kada ki haɗe su su zama zube, domin in tambayar ta shafi amsa-amo ko tsarin baiti, kin rusa hujjarki da hannunki.

Wani abu da ɗaliban adabin Hausa ke faɗawa ciki ba su sani ba: gyara wa mawaƙi harshe. Waƙa ta zo da Sakkwatanci ko Katsinanci, ko da kalmar Larabci, ko da tsohon salon rubutu, sai ɗalibi ya mayar da ita Daidaitacciyar Hausa yana ganin ya kyauta. Mawaƙi ya ce "shi taho", ke kin rubuta "ya zo". Abin da ke cikin alamar zance ba a taɓa shi. Sau da yawa ma mawaƙin ya zaɓi wannan siga ce don karin waƙar ya tsaya, kuma karin harshen kansa abin sharhi ne a ƙarƙashin salo. Bayaninki shi ne za ki yi da Daidaitacciyar Hausa.

In za ki yanke wani abu daga tsakiyar zance, ki sa ɗigo uku a wurin. Amma yankan kada ya juya ma'ana. In ɗan wasa ya ce "ba na jin zan yafe masa", kika ɗauko "zan yafe masa" kaɗai, kin yi masa ƙarya ko da kalmomin nasa ne.

A wasan kwaikwayo kuwa ki ambaci kashi da fitowa, kamar (kashi na 2, fitowa ta 3), kuma dole ki faɗi ɗan wasan da ya yi maganar. Kada ki ce "marubucin ya ce" alhali mugun cikin wasan ne ya faɗa. Marubuci ya sa masa maganar a baki ne, ba lallai ra'ayinsa ba ne. Haka a zube, a rarrabe mai ba da labari da marubuci.

Abu Manazarta

Batun lambar shafi, 'yar'uwa, ya danganta da inda kike rubutun.

A ɗakin jarrabawa ba wanda ke jiran lambar shafi daga gare ki, tunda littafin ba ya gabanki. Abin da ake so shi ne ki nuna wurin da abin ya faru a cikin labarin, dalla-dalla: wane ne, ga wa, bayan wane lamari. Wannan kansa kafa hujja ne. Ni ban goyi bayan masu cewa a haddace dogayen baitoci a je a juye ba. Mai yin haka yakan tilasta baitin ya shiga amsar ko bai dace da tambayar ba, kuma mai duba takarda na gane wannan nan take. Abin da ya fi amfani shi ne ki ware wa kowane littafi shafi guda a littafin rubutunki, ki tara gajerun maganganu kamar takwas zuwa goma, kowace kada ta wuce layi ɗaya, ki rubuta jigo ko halin da take nunawa a gefenta. Wadda za ta yi aiki a tambaya biyu ko uku ita ce ta cancanci hadda. In kin zauna jarrabawa kika ji kina kokwanton kalma ko ɗaya, ki ajiye alamar zance ki faɗi ma'anar da bakinki. Ba a rage maki don an faɗi ma'ana daidai, amma zancen da aka jingina wa marubuci alhali bai faɗa ba yana sa a yi shakkar sauran amsar.

A jinga kuwa littafi na hannunki, babu uzuri. Tsari biyu na nuna inda aka ɗauko magana ne suka fi yawo, ana kiransu MLA da APA. Na MLA, wanda aka fi sani a nazarin adabin Ingilishi, yana sa sunan marubuci da lambar shafi cikin baka biyu, kuma bugu na 9 na littafin ƙa'idojinsa ya fito a 2021. A cikinsa zube in ya wuce layi huɗu ake ware shi gefe. Na APA yana sa suna da shekara da shafi, yana ware zancen da ya kai kalma 40, kuma za ki yawan gamuwa da shi a ayyukan jami'a. Ki tambayi malaminku wanda yake so. In bai zaɓa ba, ki ɗauki ɗaya ki tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. In littafi ɗaya kike nazari kuma kin riga kin ambaci marubucin, lambar shafi kaɗai ta wadatar. A zancen da ke cikin jimla, aya tana zuwa bayan baka biyu, ba kafin su ba.

A ƙarshen jinga sai ki yi manazarta: sunan marubuci, sunan littafi, kamfanin ɗab'i da shekarar bugu, a jere bisa tsarin abacada. Waɗannan bayanan na bayan shafin take. Shekarar ba ado ba ce. Littafi guda in an sake buga shi shafukan kan motsa, sai malami ya buɗe shafi na 42 a nasa bugun bai ga komai ba.

Ɗalibar SS3

Na gode ƙwarai malamai. Saura ɗaya: in bayanin daga littafin sharhi ne ko intanet, kuma na canza kalmomin zuwa nawa, shi ma sai na faɗi inda na samo? Waƙar baka kuma fa, wadda ba ta da shafi?

Malam Mai Alli

Sai kin faɗa. Canza kalmomi na cire alamar zance ne kawai, ba ya mayar da tunanin ya zama naki. In fassarar wani ce ta baiti, ko shi ya gano wata alaƙa tsakanin 'yan wasa biyu, ki ce wane ya yi nuni da cewa kaza, ki sa shafi, sannan ki faɗi ko kin yarda da shi da dalilinki. Rashin yin haka shi ne satar fasaha. Abin da kowa ya sani, kamar ma'anar jigo ko karin maganar da ke bakin jama'a, ba ya bukatar madogara. Amma in ɗan wasa ne ya yi karin maganar kuma kina kafa hujja da ita, ki nuna inda ya yi ta.

Na intanet ki rubuta sunan marubuci in akwai, kan rubutun, sunan shafin, adireshinsa da ranar da kika duba, domin shafuka kan canza ko su ɓace. Kada kuma ki ɗauki maganar littafi daga hannu na biyu. 'Yan ƙananan littattafan sharhi na kasuwa na da kurakuran ɗab'i, manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma sukan ƙago baiti ko zance su jingina wa marubuci har da lambar shafi. Duk abin da za ki sa cikin alamar zance, ki buɗe ainihin littafin ki gan shi da idonki.

Waƙar baka ba a cewa baiti, gindi (abin da ake ta maimaitawa) da ɗiya (sassan waƙar, kowane ana ce masa ɗan waƙa) ake cewa. Ki ambaci makaɗin, sunan waƙar, da ɗan waƙa na nawa. In daga littafin da aka tattara waƙoƙin kika ɗauko, shi za ki sa a manazarta tare da shafi. In daga faifai ko waya kika saurara kika rubuta da kanki, ki faɗi haka, ki kuma raba abin da jagora ya faɗa da abin da 'yan amshi suka karɓa. In kuma hira kika yi da wani dattijo a kan tatsuniya ko al'ada, ki nemi izininsa, ki rubuta sunansa, garin da aka yi hirar da kwanan wata.