Tikitin jirgin ƙasa na Turai: Eurail ko Interrail?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Daga Damagaram nake, unguwar Birni. Shekaruna 24, zan je wajen yayana a Faransa, ina son in zaga Italiya da Jamus a jirgin ƙasa. Wane tikiti ya dace da ni?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam ƙanena. Eurail za ka saya, Interrail na mazauna Turai ne. Global Pass ɗin Eurail, wato tikiti ɗaya na zaga ƙasashe da yawa, yana aiki a ƙasashe 33, kuma har zuwa shekara 27 ana ragi.

Amsa ta 2: Amma ka kula, TGV, jirgin ƙasa mai saurin gaske na Faransa, sai ka biya kuɗin kujera daban. Ni haka na maƙale a tashar Liyon, tikiti a hannu, kujera babu.

Amsa ta 3: Malam, bizar Shengen ta shiga waɗannan ƙasashen Turai fa? Tikitin bai maye gurbinta.