Masu kiwon ƙwaron mushe: zafin wane wuri kuke lissafi da shi?

Malama Rabi: Salamu alaikum. Ina kiwon tsutsar Thanatophilus micans, wani ƙwaro mai cin mushe da ake duba girman tsutsarsa don ƙiyasta tsawon lokacin da gawa ta yi da mutuwa, a ɗakin gwaji, kuma abin da na gani ya dace da karatu: a akwati mai ɗumi tana saɓa da wuri, ta ratsa matakanta uku, ta shige ƙasa, ta fito da fukafukai. Ta akwatin sanyi kuwa sai jan ƙafa. Damuwata ita ce fili, inda zafi ba ya zama wuri ɗaya. Ku da kuka fita, me kuka tarar?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama. Lissafin a takarda ba wuya. Kowane jinsi yana da zafin da in an sauka ƙasa da shi girma ya tsaya cak. A ɗauka digiri 10 ne, misali kawai. Ranar da matsakaicin zafi ya kai 20, tsutsa ta tara rarar digiri 10, ranar 25 ta tara 15. Sai ka yi ta komawa baya kana tarawa har ka cika abin da matakinta ke buƙata. Wannan zai kai ka ranar da aka sa ƙwai, ba ranar mutuwa ba. Shi ya sa a rahoto "aƙalla" nake rubutawa, ko da jami'in bincike ya matsa yana son rana ɗaya tak.

Ɗalibi Auwalu: Malam, ni a gwajin mushen alade na sa ido. Na soka ma'auni a tsakiyar cincirindon tsutsar ƙuda, na rataye wani a inuwa. Na cikin ya ɗara na waje sosai, har in ka kai hannu kusa za ka ji ɗumi yana tasowa tare da warin (warin nan sai wanda ya shaƙa). Wanda ya dogara da alƙaluman tashar yanayi kaɗai zai ba tsutsar kwanakin da ba ta yi ba.

Malam Sani: Haka ne, Auwalu. Masu bincike a Poznan ta ƙasar Foland sun nuna tsutsar Necrodes littoralis, wani ƙwaron mushen, ma na taruwa ta ɗumama wurin cinta, ba ta ƙuda kaɗai ba. Ni na kan bar na'urar naɗar zafi a inda aka ɗauke gawa, in kwatanta da na tasha, in gyara alƙaluman baya.

Hajiya Binta: Ku ƙara da zuwan ƙwaron kansa. Ƙuda ne ke riga kowa, shi ƙwaron galibi sai gawa ta fara kumbura ko ta fashe, kuma a sanyi jiran ya fi tsawo. Amfaninsa na fitowa ne bayan tsutsar ƙuda ta gama ta watse. Sannan Rabi, ƙanwata, kada ki amince da tsawon jiki. Tsutsa na miƙewa ta takure, wadda ta kwana cikin itanol (sinadarin da ake adana ta a ciki) ma tana sauyawa. Faɗin kai nake aunawa, don shi ba ya ƙaruwa sai an yi saɓa.

Malama Rabi: Na gode, Yaya. To in jinsin da aka tsinta ba shi da jadawalin girma fa?

Hajiya Binta: Kada ki ari na ɗan'uwansa, ko kalmar farko ta sunansu na kimiyya ɗaya ce. Ki ɗebi wasu da rai ki raina su a zafin da kika sani, ki raba su a kwantena daban-daban da isasshen nama, domin in yunwa ta kama su cin junansu suke yi.